Ciwon Saƙar Huhu a Dawakai: Musabbabansa, Hanyoyin Gane Shi da Nauyin da Ke Kan Masu Barga

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani rukuni na cututtukan huhun doki waɗanda ke kama saƙar huhun kanta, wato siririn bangon da ke tsakanin iska da jini. An bayyana yadda ciwon ke farawa da kumburi ya ƙare da tabo, an kawo musabbabansa kamar yadda aka tabbatar da su a Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, sannan an bambanta shi da fuka da namoniyar tafiya da cutar dawakan Afirka da murar dawakai. Maƙalar ta tsaya a kan cewa dokin da ke haki yana ramewa, aka yi masa allurar kashe bakteriya bai miƙe ba, awo yake buƙata kafin a ƙara masa wata allura, domin huhun da ya riga ya yi tabo ba ya komawa yadda yake.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Kano ko Katsina ko Zazzau ranar hawan sallah ya san cewa ado da kwalliya na mahayi ne, amma sukuwa da zamiya aikin ƙirjin doki ne. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake shaƙar iska. Idan yana tsaye a turke yakan ja numfashi sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya, kowane ja kimanin lita 5. Idan kuwa ya ɗauki sukuwa, numfashinsa yakan haɗu da takunsa, taku ɗaya numfashi ɗaya, har iskar da ke ratsa huhunsa ta kai lita 1,500 a minti. Dabbar da aka gina a kan irin wannan huhu, da zarar huhun ya samu tangarɗa, komai nata ya tsaya.

A barga, ciwon ƙirji sunayensa kaɗan ne. Ɗan barga zai ce wa ubangidansa, "Ranka ya daɗe, dokin nan sanyi ya kama shi," ko ya ce, "Fuka ce ta taso masa." Daga nan sai a sayo penisilin ko oksitetrasaikilin, a ƙara da kanwa da tafarnuwa. Sau da yawa akan dace. Amma akwai dokin da za a yi wa allura mako biyu, a canza magani a sake wani mako biyu, yana nan yana haki, haƙarƙarinsa na ƙara fitowa. Wannan doki shi ne abin da maƙalar ta sa gaba.

2.0 Mene ne Ciwon Saƙar Huhu?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar huhu ita ce a dubi soson wanka, wanda ke yaɗo a jikin danga. Soso ramuka ne da zare. Ramukan su ne jakunkunan iska, zaren da ya saƙa su kuma shi ne bangon da ƙananan jijiyoyin jini ke bi ta cikinsa. A huhu mai lafiya, kaurin wannan bango bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, shi ya sa iskar oksijin ke ratsa shi ta shiga jini nan take.

A namoniyar da aka saba gani, bakteriya ne ke bi ta maƙogwaro su sauka, ramukan su cika da mugunya, kuma yawanci ɓarnar takan taru a gaba da ƙasan huhu. A ciwon saƙar huhu kuwa, zaren ne ke lalacewa, kuma ɓarnar takan game huhun gaba ɗaya. Ciwon yana bin matakai uku. Da farko ƙwayoyin halittar da suka shafe bangon sukan mutu, ruwa da furotin su tsiyayo cikin ramukan, su daskare kamar tantani. A mataki na biyu jiki yakan yi ƙoƙarin gyara, sai wasu ƙwayoyin halitta masu kauri su yaɗu su rufe wurin, bangon ya ƙara kumbura. A mataki na uku sai tabo ya zauna, zaren ya yi kauri ya taurare.

Sakamakon wannan abu biyu ne. Oksijin ba ya ratsawa yadda ya kamata, sannan huhun ya daina talewa. Shi ya sa dokin ke yin numfashi gajere-gajere da sauri, hancinsa a buɗe, ko da yana tsaye a inuwa. Matakin farko da na biyu ana iya shawo kansu da magani. Na uku ba shi da makoma.

Wanda ya taɓa buɗe gawar irin wannan doki ba ya mantawa. Huhu mai lafiya, da an yanka ƙirji sai ya saɓe ya kwanta, ga shi da laushi da launin ja mai haske. Wannan kuwa yakan tsaya cike da ƙirji, da nauyi, har ana ganin shatin haƙarƙari kwance a jikinsa. Idan aka danna shi da yatsa sai a ji kamar roba, idan aka sa wuƙa sai a ji tana turjiya kamar ana yankan hanta.

3.0 Musabbabai

Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon saƙar huhu ba cuta ɗaya ba ce, hanya ce da huhu ke bi idan abubuwa daban-daban suka ji masa rauni.

3.1 Bairos ɗin EHV-5 da Taurin Huhu Mai Curi-curi

A shekarar 2007, Kurt Williams na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka wallafa bayanin dawakai 24 da huhunsu ya cika da curi-curin tabo. Shekarun dawakan sun kama daga 4 zuwa 28, matsakaicinsu ya ɗan haura 14. Da aka yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cuta ta hanyar sinadarin gadonta, sai aka samu bairos ɗin EHV-5, ɗaya daga dangin hapis, a huhun dukkansu. Cutar ta samu sunan da ake taƙaitawa da EMPF, wadda a nan muka kira taurin huhu mai curi-curi. A 2013 wannan tawaga ta sanya wa lafiyayyun dawakai bairos ɗin da gangan, wasu daga cikinsu suka fito da irin wannan tabo, abin da ya ƙarfafa dangantakar da ke tsakaninsu. Daga baya an samu cutar a ƙasashen Turai da Ostireliya da Burazil.

Cutar tana da kama biyu. A mafi yawa, ƙananan curi-curi ne masu launin fari-fari da ba su wuce santimita 5 ba, sun haɗe da juna har da ƙyar ake ganin lafiyayyen huhu a tsakani. A ɗaya kamar, curin manya ne, wasu har santimita 10, a warwatse kamar ciwon daji. Alamominta su ne rama, da zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya, da tari, da haki mai ƙaruwa mako bayan mako.

Akwai abin lura a nan. EHV-5 ya yaɗu ƙwarai a cikin dawakai masu ƙoshin lafiya, ana samunsa a hancinsu da jininsu ba tare da wani ciwo ba. Saboda haka samunsa a majinar hanci bai isa hujja ba. Hujja ita ce a same shi a ruwan da aka wanko daga cikin huhu ko a tsokar huhun kanta.

Jakai ma ba su tsira ba. Binciken gawarwakin tsofaffin jakai a Ingila ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku suna da wani nau'in taurin huhu da na tantanin da ya lulluɓe shi.

3.2 Tsirrai Masu Guba

A Afirka ta Kudu an daɗe da sanin wata cuta da manoman can ke kira jaagsiekte, ma'ana ciwon kora, domin dokin yakan yi haki kamar wanda aka koro da gudu. Musabbabinta cin tsirran Crotalaria dura da Crotalaria globifera ne. Gubar da ke cikinsu hanta ce ke sarrafa ta, sai ta bi jini ta lalata huhu, kuma alamomin sukan bayyana ne makonni ko watanni bayan an ci. A Burazil ma an samu mutuwar dawakai da ciwon huhu bayan an ciyar da su abincin da ya gauraya da irin Crotalaria juncea. Wannan dangin tsiro yana nan a dajinmu da gefen gonakinmu, daga cikinsa akwai biya-rana mai ruwan ɗorawar fure da 'ya'ya masu kacau-kacau. Doki a sake yakan kauce wa tsiron da bai yi masa ba, amma dokin da ke ɗaure a turke abin da aka zuba masa yake ci, kuma ciyawar da aka yanko aka busar ba ta rasa baƙi a cikinta.

A jihohin Kwinslan da Niyu Sawut Wels na Ostireliya, wani tsiro ɗan asalin Meziko mai suna Ageratina adenophora shi ke jawo wa dawakai tari da taurin huhu, musamman idan sun ci shi yana fure. A Amurka kuwa an nuna cewa gubar tsiron Perilla frutescens tana ji wa huhun doki rauni. Maganin kashe ciyawa na farakwat, wanda manomanmu suka sani sarai, shi ma huhu yake nufa idan dabba ta sha shi.

3.3 Ƙura da Hayaƙi

A 1981 aka bayyana cutar silikosis a dawakan yankin Monterey da Carmel na jihar Kalifoniya. Ƙasar wurin tana da wani nau'in silika mai suna kiristobalait, kuma da aka share daji don gine-gine sai ƙurarta ta tashi. Ƙwayoyin ƙurar ƙanana ne ƙwarai, suna isa can ƙuryar huhu, ƙwayoyin tsaron jiki su haɗiye su, su kasa narkar da su, sai tabo ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Wasu daga cikin dawakan har ƙasusuwansu sukan yi rauni su lanƙwashe. Darasin da ke ciki ga mai barga kusa da wurin fasa dutse ko haƙar ma'adinai a bayyane yake. Haka nan hayaƙin gobara yana ƙona saƙar huhu, kuma mafi munin alamominsa sukan bayyana ne kwana ɗaya zuwa uku bayan gobarar, lokacin da mai doki ya riga ya yi hamdala.

3.4 Nau'in da Ke Kama Duƙushi

A duƙushi ɗan wata 1 zuwa 6 ciwon ba ya jan lokaci. Jiya yana tsalle a gindin goɗiya, yau yana tsaye ƙafafu a ware, zazzaɓi ya yi tsanani, dasashinsa ya koma shuɗi-shuɗi, cikin kwana kaɗan ya mutu. Sau da yawa akan samu wata cuta a ƙarƙashi, kamar bakteriyar Rhodococcus equi da ke zaune a busasshiyar ƙasa da kashin doki, ko bairos ɗin mura, ko fumfunar Pneumocystis. An lura cewa ya fi aukuwa a lokacin tsananin zafi. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne eritiromaisin da danginsa, waɗanda ake ba duƙushi don Rhodococcus, suna hana shi yin gumi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, duƙushin da ke kan wannan magani bai kamata ya ga rana ba.

4.0 Kama da Wane ba ta Wane

Ciwon saƙar huhu bai kai sauran cututtukan ƙirji yawa ba, don haka wajibi ne a fara kawar da su.

Fuka ita ce ta fi rikita mutane. Ciwo ne na hanyoyin iska, ƙurar harawa da ingirici mai fumfuna ke tayar da shi. Mai fuka wajen fitar da numfashi yake wahala, yana matse ciki sau biyu har wani layi ya fito a kwiɓinsa. Yawanci ba ya zazzaɓi, kuma idan aka fitar da shi fili, aka jiƙa masa abinci, aka ba shi maganin buɗe hanyar iska, sai ya samu sauƙi. Mai ciwon saƙa yakan yi zazzaɓi, ya rame, kuma wannan maganin ba ya yi masa wani abin kirki.

Namoniyar tafiya tana bin doguwar tafiya a mota. Dokin da aka ɗauko daga kasuwar Maigatari ko Mai'adua, ko aka kai wasan folo daga Katsina zuwa Legas, aka ɗaure kansa sama sa'o'i masu yawa, ba ya iya sunkuyawa ya zubar da majinar maƙogwaro. Sai bakteriya, musamman Streptococcus zooepidemicus, su gangara huhu, ruwa ya taru a ƙirji, dokin ya riƙa nishi idan an taɓa haƙarƙarinsa. Ɗura ma tana jawo irin wannan. Idan aka ɗaga kan doki sama, aka kama harshensa, aka tuttula masa jiƙo ko mai, ba ya iya haɗiya daidai, wani kaso yakan faɗa huhu. Man farafin da ake bayarwa don ciwon ciki ya fi haɗari domin ba ya sa tari, shiru yake shiga.

Cutar dawakan Afirka bairos ne mai nau'i 9, ƙananan ƙwari masu cizo da dare ne ke yaɗa shi, musamman a ƙarshen damina. Nau'inta na huhu yana cika huhu da ruwa, kumfa ta riƙa fita ta hanci, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ya kama suna mutuwa. Ta fi yi wa dawakan da aka shigo da su daga waje ɓarna, kamar yadda aka gani a Legas a 2007. Murar dawakai kuwa, nau'in H3N8, ta ɓarke a wasan folo na Ibadan a 1991, sannan daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta ratsa Sakkwato da Nijar da Mali da Sanagal, ta kashe dubban jakai da dawakai. Waɗannan biyun garke suke kamawa a lokaci guda, alhali taurin huhu mai curi-curi doki ɗaya yake ɗauka a barga. Akwai kuma tsutsar huhu, Dictyocaulus arnfieldi, wadda jaki ke ɗauke da ita lafiya lau, amma ta sa dokin da ke kiwo tare da shi tari mai naci.

5.0 Hanyoyin Ganewa

Awo yana farawa da tambaya: shekarun dokin, tun yaushe, me yake ci, daga ina aka sayo ciyawar, ya yi tafiya kwanan nan, wane magani aka riga aka ba shi. Sai ma'aunin zafi. Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti.

Ƙirjin doki kauri gare shi, numfashinsa kuma a hankali yake, don haka abin sauraro kaɗai yakan yaudari likita. Dabarar ita ce a samu babbar leda a rufe masa hanci da ita, a riƙe ta yadda ba za ta manne wa ƙofofin hancin ba. Cikin minti ɗaya zai fara jan numfashi mai zurfi. A lokacin ne, da kuma daidai lokacin da aka cire ledar, ake jin ƙarar da ta ɓuya, ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar an watsa gishiri a garwashi, ko wani siririn fito. Lafiyayyen doki yakan dawo daidai bayan 'yan numfashi kaɗan, marar lafiya kuwa sai ya ɓarke da tari ya daɗe yana haki. Dokin da ya riga ya galabaita ba a yi masa wannan gwaji.

Gwajin jini yakan nuna ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini da furotin ɗin fibirinojin, shaidar kumburi mai daɗewa. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba cikin goɗiya da ita, tana nuna ruwan ƙirji da curin da ke kusa da fatar huhu. Hoton eksire yana nuna huhun ya yi hazo ko ya cika da curi, sai dai ƙirjin babban doki yana buƙatar na'ura mai ƙarfi. Wankin huhu, inda ake zura siririn tiyo ta hanci a zuba ruwan gishiri a zuƙo shi, yana ba da ruwan da za a yi wa PCR. Tabbaci na ƙarshe shi ne a ɗebo ɗan yankin huhu da allura a duba shi a madubin likita, kuma wannan aiki ne na ƙwararre, domin yana iya jawo zubar jini.

6.0 Magani da Makoma

Manufar magani ita ce a kashe kumburi kafin ya zama tabo. Ginshiƙinsa magungunan sitiroid ne, deksametazon ko furedinisolon, na tsawon makonni 6 zuwa 12, ana ragewa a hankali. Akan haɗa da maganin bakteriya irin doksisaikilin don toshe ƙofar wata cutar. Ga EMPF an yi amfani da magungunan bairos, asaikulobir da balasaikulobir, sai dai suna da tsada ƙwarai, kuma wani bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Debis ya nuna ɗan gajeren zango na balasaikulobir bai rage yawan bairos ɗin a huhu ba. Duƙushi yana buƙatar oksijin ta hanci da sanyaya jiki da sitiroid da wuri, kuma wanda ya tsallake makon farko yakan warke sarai.

Deksametazon yana da araha, ana kuma samunsa a kasuwa, nan haɗarin yake. Yana danne garkuwar jiki, saboda haka idan ciwon na bakteriya ne ko fumfuna, ƙara masa wuta zai yi. Yana kuma iya jawo kumburin cikin kofato, wanda kan gurgunta doki. Ga babban dokin da tabo ya riga ya mamaye huhunsa, mafi yawa ba sa tashi, waɗanda suka rayu kuma da wuya su koma sukuwa. Faɗa wa mai doki wannan gaskiya tun da wuri yana cikin aikin likita.

7.0 Shawarwari

Na farko, kowace barga ta mallaki ma'aunin zafi da littafi, a koya wa 'yan barga ƙirga numfashi. Dokin da numfashinsa ya wuce 20 a minti yana hutawa a inuwa, ko ya kwana 5 a kan allura bai sauya ba, a kira likitan dabbobi.

Na biyu, a rage ƙura. A kakkaɓe harawa nesa da turke, a yayyafa mata ruwa, a zuba abinci a ƙasa-ƙasa, a fitar da doki kafin a yi shara, a rage masa kilisa ranar da hazon hunturu ya yi kauri. A duba ciyawar da aka sayo a tsince baƙin tsiro.

Na uku, a bar ɗura da kai sama. A doguwar tafiya a sassauta ragama, a tsaya a ba doki ruwa ya sunkuya, a kuma riƙa auna zafinsa na kwana 3 bayan isowa. Sabon doki a ware shi na mako 2 zuwa 3, a yi rigakafin mura da na cutar dawakan Afirka kafin damina.

Na huɗu, a riƙa buɗe gawa. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, suna da masu duba tsoka. Yankin huhu kamar girman goro a cikin kwalbar fomalin, da wani a cikin ƙanƙara, ya isa a yi aiki. Fadoji da ƙungiyoyin folo da na sukuwa su ne suka fi kowa dawakai, su ya kamata su fara buɗe wannan ƙofa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ciwon saƙar huhu rauni ne na bangon da ke tsakanin iska da jini, wanda bairos ko guba ko ƙura ko hayaƙi ke jawowa, kuma yana shigar burtu da kamannin fuka da namoniya. Abin da ke raba dokin da zai tashi da wanda zai tafi shi ne matakin da aka riske shi, kumburi ko tabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kira ga shamakai da masu barga da likitoci shi ne, a auna dokin da ke haki kafin a ƙara masa allura, wanda ya mutu kuma a duba huhunsa kafin a binne shi, domin abin da aka gani a ƙirjinsa shi zai ceci na kusa da shi a turke.